Ranar awo: yadda muke ƙiyasta gidajen da hanya za ta ci

Duk wanda ya saba bin hanyoyin arewacin Kamaru ya san jan fentin nan da ake shafawa a bangon gidajen bakin titi, layi biyu a gicciye, wani lokaci da lamba a gefe. Mai gida idan ya gan shi a katangarsa ya san hanya za ta ci gidan. Abin da bai sani ba shi ne nawa za a ba shi, wa zai yanke kuɗin, kuma da wane ma'auni. To, ina cikin masu yankewar. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Garwa, aikin gini na karanta, kuma sana'ata ita ce ƙiyasta darajar gine-gine idan hukuma za ta karɓi wuri don amfanin jama'a. Zan ba da labarin wani aikin faɗaɗa hanya da aka tura mu, tun daga zuwan takarda har ranar biya, domin yawancin asarar da na ga mutanenmu suna tafkawa a ranar awo take faruwa, su kuma ba su ankara sai an zo rabon kuɗi.

Aikin ba daga teburinmu yake farawa ba. Hukumar da ke son wurin ce take kai buƙatarta ga ministan filaye a Yawunde, shi kuma ya sa hannu a takardar da ke tabbatar da cewa aikin na amfanin jama'a ne. Dokar da ake bi ita ce ta 4 ga Yuli 1985, tare da umurnin zartar da ita na Disamba 1987. Takardar minista tana da wa'adin shekara 2, ana iya ƙara mata 1, kuma ita ce ke ba da izinin kafa kwamitin gani da ƙiyasi. Idan aikin bai fita daga gunduma ɗaya ba, perefe, wato mai mulkin gundumar, shi ne shugaban kwamitin. Idan ya ratsa gundumomi, sai gwamna. Namu na perefe ne. A ciki akwai mutumin ofishin filaye, shi ne magatakarda, da masu awon ƙasa na kadastir, da malamin gona, da mutumin hanyoyi, da magajin gari, da ɗan majalisa, da sarakunan gargajiyar da abin ya shafa, sai mu na gine-gine. Kowa da abin da yake dubawa. Na kadastir ƙasa, malamin gona shuka da itatuwa, ni kuwa duk abin da hannu ya gina.

Doka ta ce a sanar da jama'a kwana 30 kafin kwamiti ya sauka. Ana yi kuwa, ana manna takarda a ofishin perefe da na superefe, wato mai mulkin yanki da ke ƙarƙashinsa, da na magajin gari da ƙofar fada. Sai dai da Faransanci aka rubuta ta, kuma a garin da muka je wanda zai tsaya ya karanta ta bai da yawa. Sanarwar da ta isa kunnen mutane ita ce wadda lawan, sarkin garin, ya sa jaurawansa, wato masu unguwanni, suka bi unguwa-unguwa da ita, da wadda liman ya yi bayan sallar Juma'a. Garin na Fulani ne da Hausawa da wasu ƙabilu manoman auduga, unguwar Hausawa kuma, kamar yadda aka saba, ita ce a bakin hanya kusa da kasuwa da tasha. Don haka ita hanyar ta fi ci.

A taron farko, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar lawan, superefe ya yi bayani da Faransanci, aka mayar da Fillanci, ni kuma aka ce in mayar da Hausa. A nan na fara faɗin maganar da na yi ta nanatawa har aikin ya ƙare: ranar da aka ce za a zo gidanka, ka tsaya a gida, da katin shaidarka da duk takardar da kake da ita, domin abin da ba a rubuta a ranar ba babu shi. Wani dattijo mai sayar da goro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu da muka riga hanyar zama a nan, yaya za a ce mun shiga hanya?" Tambaya ce mai nauyi. Tun 1974 doka ta keɓe mita 40 kowane gefe daga tsakiyar babbar hanyar ƙasa, mita 25 ga hanyar gunduma, ana rage shi a cikin gari, kuma duk wannan fili na hukuma ne. Da yawa cikin gidajen an gina su tun hanyar tana turba ta jakuna da shanu, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya kafa alama ya ce nan ne iyaka. Kwamiti ya amince a ƙirga duk wanda aka tarar, sannan a bayyana matsayin kowa a takardarsa.

Da bazara muka fara awo, lokacin da zafin Garwa da kewaye yake haura digiri 40. Da asuba muke fita, kafin azahar mun tsaya. Masu kadastir su ne a gaba da na'urarsu, suna kafa turaku, yaro yana biye da gwangwanin fenti. Ni kayan aikina kaɗan ne: igiyar awo, allon rubutu, alli, kyamara, da wani tsohon mabuɗi da nake kankare bango da shi.

Gidan dattijon nan mai goro shi ne ya fi tsaya mini a rai, don kusan duk matsalar aikin ta taru a cikinsa. Muka yi sallama, ya fito ya shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwan randa. Na ce, "Baba, a yi wa mutanen gida magana, za mu shiga." Ya leƙa ya sanar, mata suka shige ɗaka, muka shiga ni da malamin gona da wakilin lawan.

Daga zauren na fara. Daga waje ka ce ginin bulo ne, don an shafe shi da siminti sumul. Na sa mabuɗi na kankare wata kusurwa ta ƙasa, sai ga jar ƙasa: tubali ne. Rufinsa azara ce ta giginya, an jera ta an ɗora ƙasa, da indararo biyu na kwano. Na auna tsawo da faɗi ta waje, na auna kaurin bango, na duba ƙasan ko daɓen siminti ne ko na ƙasa, na rubuta ƙofa ta ƙarfe ce ko ta langa-langa. Ciki akwai turakar mai gida, ciki da falo na bulo da rufin kwano da silin, ɗansa ne da ke tuƙin babbar mota ya gina masa. Wannan sai na tona gefen harsashi kaɗan in ga ko an zuba kankare, na ƙwanƙwasa ginshiƙi in ji ko akwai rodi, na hau kujera na ɗaga silin in ga ko gara ta ci katako, na duba tsatsar kwano. Sai ɗakunan mata biyu, da ɗakin kago mai jinka inda tsohuwar gidan take, wanda ake auna shi ta tsakiya daga bango zuwa bango. Sai madafa, da makewayi, da ramin masai, da rijiya mai zoben siminti wadda muka zura igiya da dutse muka ɗauki zurfinta, da rumbu 2, da katangar gaba, da dangar zana ta baya, da dakalin da yake baje goronsa a kai. Kowanne da layinsa a takarda. Da muka gama na rubuta lambar gidan a allo, Baba ya riƙe allon da katinsa, na ɗauke shi hoto a gaban kowane gini.

Mutane suna mamakin yadda nake ɓata lokaci a kan ramin masai da rumbu. Ai wanda aka tasa zai sake haƙa masai, zai sake ɗaura rumbu, kuma da kuɗi zai yi. Na sha ganin takardun awo da aka rubuta "ɗaki 3" kawai aka wuce. Irin wannan gaggawa cin haƙƙi ce, ko da mai yin ta bai sa ko dala a aljihunsa ba.

Inda alƙalamina yake da nauyi wuri biyu ne. Na farko shi ne ajin ginin. Ma'aunin da muke aiki da shi na Nuwamba 1987 ne, ya kasa gine-gine aji 6: na katako, na rabin ƙarko, sannan gidaje na zamani aji huɗu, daga na talaka zuwa na ƙasaita. Kowane aji da kuɗinsa a kan murabba'in mita. Kana karanta shi ka san da gidajen Duwala da Yawunde a ido aka tsara shi. Soron tubali mai azara, wanda ya fi ɗakin kwano sanyi da rana kuma zai yi shekaru aru-aru idan ana kula da shi, ba shi da gurbin kansa. Sai mai ƙiyasi ya nema masa wurin zama. Zauren Baba na sa shi a rabin ƙarko, na kuma rubuta dalili: kaurin bango, shafen siminti, da adadin azara, wadda yanzu samunta ma aiki ne.

Na biyu shi ne tsufa. Ana rage wani kaso na darajar gini gwargwadon shekarunsa da lalacewarsa. Abin da ya fi wannan haɗari, dokar 1985 ta ce ba a biyan diyyar ginin da ya tsufa tukuf ko yake shirin faɗuwa, haka wanda aka yi shi ba bisa ƙa'idar tsarin gari ba. Kalma ɗaya a takarda tana iya mayar da ɗakin mutum banza. Bangon ƙasa kuwa kowace damina sai ruwa ya wanke fuskarsa, da rani a kwaɓa ƙasa a sake yaɓe. Wanda bai taso a cikin irin gidajen nan ba, idan ya ga bango ya zaizaye ya tsattsage, sai ya ɗauka kango ne. Mun yi ja-in-ja da wani abokin aiki a kan ɗakin kagon tsohuwar nan. Shi ya ce rusasshe ne. Na ce ya shigo ya gani: ga gadonta, ga jeren kwanoninta, ga jinka sabuwa ta bana, gindin bango kuma ƙalau, ba inda ruwa ya ci. Ɗakin da mutum yake kwana a ciki kowane dare ba kango ba ne. Wakilin lawan ya goyi bayana, aka rubuta shi da ragin tsufa daidai misali.

A tsakar gidan akwai wani mangwaro babba, inuwarsa ta rufe rabin gidan. Wannan rabon malamin gona ne, shi kuma hannunsa a ɗaure yake fiye da nawa, don farashinsa a rubuce yake cikin umurnin firayim minista na 25 ga Fabrairu 2003: mangwaro babba jaka 35 (wato sefa dubu 35), ƙarami jaka 5, bishiyar inuwa babba irin su darbejiya jaka 10. Da aka faɗi kuɗin, uwargidan ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam, wannan bishiyar ita take yi wa yara kayan sallah duk shekara. Jaka 35 ɗin na shekara nawa ne?" Malamin gona ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, na har abada ne." Gaskiya ya faɗa mata. Ko ta dasa wani a ranar, sai ta jira shekaru kafin ta tsinki na sayarwa, kuma farashin da aka yanka sama da shekara 20 da suka wuce bai san tsadar yau ba. A ganina wannan jadawali ya daɗe da isa gyara, kuma duk rahoton da aka ba ni dama na rubuta sai na faɗa.

Sai muka zo kan ƙasa, inda na fi jin nauyin bakina. Baba ya shiga turaka ya fito da wata leda a ɗaure, ya kwance, ya miƙo takarda da ta yi ja don tsufa. Takardar ciniki ce, da sa hannun shaidu da hatimin lawan na wancan zamani. Mutumin filaye ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya ce, "Baba, akwai titir fonsiye?" Ya ce, "Ɗana, wannan ita ce takardata. Mahaifina ya saya, a nan aka haife ni, a nan na aurar da 'ya'yana." Babu wanda ya musa masa. Amma tun dokokin 6 ga Yuli 1974, hujjar mallakar ƙasa a Kamaru ɗaya ce, titir fonsiye. Duk ƙasar da ba ta da shi, in ba ta hukuma ba ce kai tsaye, tana cikin ƙasar al'umma da gwamnati ke riƙe da ita. Mai zama a kai yana da haƙƙin zama da noma, kuma idan aka tashe shi za a biya shi abin da ya gina da abin da ya shuka. Ƙasar kanta ba a biyan ta. Takardar lawan tana raba gardama tsakanin maƙwabta, tana da amfani a fada, amma a lissafinmu ba ta ƙara ko dala.

Ko masu titir ɗin ma ba farashin kasuwa ake ba su ba. Wanda ya saya, ana mayar masa da kuɗin da ya saya da abin da ya kashe wajen takardu. Wanda ya gada bisa al'ada sannan ya yi titir, ba a wuce mafi ƙarancin farashin da hukuma ta sa wa filayenta na yankin. A duk unguwar, masu titir ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Haka kuma doka asarar da ido ke gani kawai ta sani, wadda ta faru kai tsaye kuma tabbatacciya. Dakalin Baba an biya shi a matsayin siminti da bulo. Cinikin da yake yi a kansa saboda yana bakin tasha, da masu saye da suka san wurin shekara da shekaru, ba su da layi a takarda. Haka mai shayi, haka mai faci, haka 'yan haya da ke cikin shaguna.

A wajen gari hanyar ta ratsa wani karal, baƙar ƙasar nan mai riƙe ruwa da ake dasa masakwa, wato dawar rani, a kanta bayan damina, a girbe a tsakiyar rani. Mu kuma da bazara muka zo. Fili fetal, ƙasa ta dare, ko kara babu. Malamin gona abin da ya tarar a tsaye yake ƙirgawa, nan kuwa ba komai a tsaye. Alhali duk wanda ya san yankin ya san gonar karal ta fi gonar tudu daraja nesa ba kusa ba, ita ce rumbun gida na biyu. Da a watan Disamba muka zo da lissafin ya bambanta. Abin da muka iya shi ne rubuta sunayen masu gonakin da faɗin abin da aka ci na kowa, muka sa a rahoto cewa a nema musu madadi, tunda doka ta yarda a biya diyya da ƙasa maimakon kuɗi. Lawan ya yi alkawari a gaban superefe, ya kuma cika wa wasu. Karal dai ba ya ƙaruwa, abin da ke akwai duk da masu shi.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Da labari ya bazu, wasu sun kwana suna gini. Ka wuce fili da yamma, ka dawo ka tarar da ɗaki tsaye, siminti ko bushewa bai yi ba, ba ƙofa ba taga. Wani fili muka tarar an jera 'ya'yan mangwaro sun fi ɗari, malamin gona ya kama ɗaya ya ja, ta fito da baƙar ledarta a gindi. Daga ranar da minista ya sa hannu, doka ta dakatar da ciniki da sabon gini a wurin, masu kadastir kuma suna da hotunan yadda yake tun farko. Duk an soke su. Na san talauci ne da tsoron tashi hannu wofi suke sa mutum haka, amma abin yana cutar da maƙwabta, don yana sa kwamiti ya shiga zargin kowa, mai gaskiya ma sai ya yi ta rantsuwa. Akwai kuma wanda ya biyo ni har gida bayan isha'i da ambulan, wai in ɗaga masa ajin gidansa hawa ɗaya. Na ba shi haƙuri, na ce ya mayar. Hoton gidan yana cikin dosiye, wato kundin takardun aikin, wasu za su duba bayana, kuma ranar da aka kama ƙarya ɗaya takardun unguwar gaba ɗaya za a tsayar.

Wani abin da yake cin mutane ba su sani ba shi ne suna. Sunan da aka rubuta ranar awo shi zai fito a takardar biya, kuma dole ya dace da na katin shaida harafi da harafi. Mutanenmu kuwa sunan da ake kiran mutum daban, na kati daban, ga rubutun Faransanci da ke juya suna ɗaya ya fito kala uku. Shi ya sa ba na rubuta suna daga baki, daga kati nake kwafa. Wanda katinsa ya ƙare ko ya ɓata, tun a ranar nake ce masa ya fara neman sabo. Gidajen gado su ne suka fi wuya: uba ya rasu, ba a raba ba, babban wa yana nan, ƙanne suna Ngaundere ko Njamena ko Legas. Sai mun sa an zauna a gaban lawan da liman an fitar da wakili da yardar kowa a rubuce.

A wani gida, ƙanen mai gidan da ya rasu ya tsaya a kan a rubuta komai da sunansa. Ina cikin awo sai wata dattijuwa ta fito ta tsaya a bakin wani ɗakin bulo ta ce, "Ɗan nan, wannan ɗakin da kuɗin ƙuli-ƙulina na gina shi, bulo ɗaya-ɗaya." Na ce, "Inna, akwai wanda ya shaida?" Ta aika aka kira maginin, ya zo ya faɗi abin da ta biya shi, maƙwabta suka tabbatar. Na buɗe mata takarda daban da lambarta, ta riƙe allo aka ɗauke ta hoto. Tun daga ranar, duk gidan da na shiga sai na tambaya a fili, yadda na bayan labule za su ji: akwai ɗakin da wata ta gina da kuɗinta? Akwai mai injin markaɗe ko murhun sana'a? Sau da yawa akwai.

Wata tsohuwar maƙabarta ma ta faɗo cikin layin. Wannan ba mu sa mata farashi ba. Liman da dattawa suka je wurin superefe, injiniyoyi suka sake duba zanensu, aka karkata hanyar kaɗan.

Bayan fili sai ofis, wanda shi ne rabin aikin da ba a gani. Kowane gini, faɗinsa a murabba'in mita, a ninka da kuɗin ajinsa, a cire kason tsufa. Ɗaki mai mita 4 da mita 3.5 ya ba da 14, haka za ka bi ɗaruruwa. Abin da ba ya shiga aji, kamar rijiya da katanga da masai, sai a lissafa kayan da suka ci da ladan aiki. Matsalar ita ce farashin 1987 ya riga karyewar sefa ta Janairu 1994, lokacin da kuɗin ya rasa rabin darajarsa a dare ɗaya. Ana ɗaga shi da lissafi don ya matso kusa da zamani, amma duk wanda ya sayi buhun siminti kwanan nan, ko da na Figil ne da ke kusa da mu, ko ya sayi bandir ɗin kwano, ya san tazarar da ta rage. Idan Bankin Duniya ne ya ba da kuɗin aiki, ƙa'idarsa ta ce a biya abin da zai sake gina irin gidan ba tare da cire tsufa ba, a kuma tallafa wa wanda ba shi da takardar ƙasa. Sai ka ga garuruwa biyu, gida iri ɗaya, diyya ta sha bamban, don kawai asalin kuɗin aikin ba ɗaya ba ne. Namu aikin ba na bankin ba ne.

Kafin a rufe, na roƙi a koma garin a karanta wa kowa abin da aka rubuta masa. Aka yarda. A nan aka gano rumbun da aka tsallake, da sunaye biyu da suka sauya gida, da wani makiyayi da ya tafi mashekari ba a same shi ba sam. Aka gyara. Sannan duk 'yan kwamiti suka sa hannu a rahoto, perefe ya tura dosiye sama, domin sai an fitar da umurni mai ɗauke da sunan kowa da kuɗinsa kafin a biya.

Jiran nan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Gidan da aka shafa wa jan fenti ba mai yi masa yaɓe, don me za ka gyara abin da za a rushe? Bangaye suka fara zubewa da mutane a ciki. Kayan gini suna ta hawa, kuɗin da ke takarda yana nan inda yake. Wasu cikin waɗanda na ɗauka hoto da allo a hannu sun rasu, magadansu suka shiga neman takardar gado a kotu. Ni kuma fuskata suka sani, don haka ni ake tarewa a kasuwa da wurin jana'iza: "Malam, ina labarin kuɗinmu?" Abin da nake da shi kawai shi ne in faɗi inda dosiye ya kwana a iya sanina, ban taɓa yanka wa kowa rana ba.

Da umurnin ya fito aka manna sunaye, aka sa ranar biya a gaban perefe. Ana kiran suna, mutum ya nuna kati, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya karɓa. Doka ta ba da wata 6 a tashi, ko wata 3 idan aikin na gaggawa ne, kuma aka bar kowa ya kwashe kwanonsa da ƙofofinsa da azararsa. Wanda bai gamsu ba yana da hanya: ya rubuta kuka zuwa ma'aikatar filaye, idan amsar ba ta yi masa ba yana da wata 1 ya kai kotu. Kaɗan ne suka bi ta, kuma waɗanda suka dace su ne masu riƙe da hujja, hoto ko rasit ɗin kayan gini ko kwafin takardar awo. Dattijuwar nan mai ƙuli-ƙuli da hannunta ta karɓi nata.

Kuɗin Baba ya ishe shi ɗakuna da katanga a filin da lawan ya yanka masa bayan kasuwa, bai kai ga rijiya ba, zauren kuma da tsohuwar azararsa aka rufa shi. Bayan sun tare, ɗansa direban ya zo ofis ya same ni, ya ce, "Yaya, wannan karon muna son takardar gaske. Ta ina ake farawa?" Na zaunar da shi na warware masa. Da tsohon gidan ne, wanda suke ciki tun kafin 5 ga Agusta 1974, da kai tsaye za su nemi titir: a ajiye buƙata a ofishin superefe, kwamitinsa ya zo da sarkin gari da dattawa biyu su shaida zama, kadastir ta kafa duwatsun iyaka, a buga sanarwa, a jira kwana 30 ko akwai mai ja, kuma tun gyaran 2005 a gunduma ake fitar da takardar, ba sai an je Yawunde ba. Sabon fili kuwa hanyarsa daban. Sai dai su nemi hukuma ta ba su shi na wucin gadi, wa'adin da ba ya wuce shekara 5, su gina abin da suka ce za su gina, a zo a gani, sannan a tabbatar musu har a kai ga titir. Na rubuta masa jerin takardun da zai haɗa, na ce duk kuɗin da ya biya ya karɓi rasit, ya kuma riƙa ajiye rasit ɗin siminti da kwano a leda ɗaya da takardun. Ya haɗa dosiyen ya kai kafin ya koma kan mota, ya bar wa ƙanensa lambar ajiya don ya riƙa bibiya.